Ranar da Aka Rina Jinina

Ina yaro masu binciken ciwon barci suka zo Hunkuyi, wuyana kuwa a kumbure. In aka ga ƙwayar cutar, za a tafi da ni.

Malamin asibiti ya soki yatsana, ya shafa jinin a gilashi, ya ɗiga masa ruwan shuɗi. Babana marini ne, sai ya matso.

"Malam, bai kama ba. Ƙara masa lokaci."

Malam ya yi dariya, amma ya jira. Sannan ya daɗe yana leƙa madubin likita.

"Zazzaɓi ne kawai, Baba."

Har gida hannun Baba mai shuɗin rini na kan wuyana. Yau ina koyon rubutu, kuma duk sanda tawada ta ɓata yatsana, ɗumin tafin nan nake ji.