Kwalba Ta Uku

A ƙuryar ɗakin gwajin akwai wani tsohon firji da ba ya daina gurnani. Cikinsa ƙananan kwalabe ne a jere, kowace da majinar wani da mura mai tsanani ta taɓa kayarwa, wasu tun shekara ashirin. Ba a rubuta suna a jikinsu, sai lamba, don kada zuciyar mai awo ta karkata. Sunayen suna cikin wani littafi da Farfesa kaɗai ke buɗewa.

Farfesa dattijuwa ce mai sanyin murya, ɗalibanta takwas suna kiranta Mama. Matasa ne da suka gama jami'a, tana koya musu bin sawun mura: wa ta kama, daga wa, yaya za a tare ta. Komai tana yafewa, ban da abu ɗaya. Wanda ya zo aiki yana jan hanci, gida zai koma.

"Mama, wallahi turaren Dogo ne ya shaƙe ni," in ji wani ɗalibi wata safiya.

"To Allah ya sawwaƙe. Je ka yi jinyar turaren, sai bayan mako."

A cikinsu babu mai nutsuwar hannu kamar Auta, babu kuma mai ƙarancin dariya kamarta. Tana shekara tara ta kwaso mura a makaranta. Mahaifinta na kwance a asibiti da karayar ƙafa, ta yi ta kuka sai da aka kai ta. Ta hau gadonsa ta rungume shi. Bayan kwana goma numfashi ya gagare shi, ya rasu. Ma'aikatan lafiya suka zo gida suka sa mata auduga a hanci, a zaman makoki kuma ta ji goggonta tana raɗa: "Ai yarinyar nan ce ta kai masa."

Da wannan magana ta girma. Sau ɗaya ta taɓa faɗa, ranar da Mama ta tambaye ta abin da ya kawo ta wannan aiki. Mama ta tambayi shekarar da asibitin, ta daɗe tana duban taga, sannan ta ɗauke ta cikin ɗalibanta.

Jarrabawar ƙarshe ta zo. Kowa aka ba shi kwalba uku ya gwada tsarin ƙwayar cutar da ke ciki, ya faɗi wanda ya sa wa wani. Wanda ya kuskure ba shi da takardar shaida. Bayanin da aka haɗa wa Auta gajere ne: majinyaci na farko da na biyu 'yan gida ɗaya ne. Na uku kuwa, ranar ɗaukar majinarsa kawai aka rubuta.

Ta yi awonta. Ƙwayar na farko daban, ta na biyu daban. Amma ta biyu da ta uku kamar an tsaga kara, kuma ranakun ɗauka sun nuna na uku ne ya fara kwantawa.

Mama ta duba, ta tura mata takardar. "Sake."

Ta sake. Sakamakon bai canza ba.

"Ke dai da taurin kai," in ji Dogo, abokin karatunta. "Gida ɗaya, cuta ɗaya. Rubuta wa tsohuwa abin da take so mu tafi cin abinci."

Auta ta koma kan kwalabenta. Ta yi awon karo na uku, ta kai ofishin Mama da hantsi.

"Kin san in kin kuskure shekararki ta tafi a banza?" in ji Mama.

"Na sani, Mama. Amma na farko bai sa wa na biyu ba, ko kusa. Daga na uku ta fito."

"Za ki sa hannu a kan haka?"

Ta sa.

Mama ta jawo littafin sunaye, ta buɗe wani shafi da ya yi ja don tsufa, ta juya mata shi. A gaban lambar farko Auta ta ga sunanta, shekara tara. A ƙarƙashinsa, sunan mahaifinta. Ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Da ni na faɗa miki, da kin ce lallashi ne," in ji Mama a hankali. "Shi ya sa na bari idonki ya gani, har sau uku. Ba ke ba ce, 'yata. Ba ke kika kai masa ba."

Auta ta daɗe tana kuka. Da ta share hawaye sai ta lura da yatsan Mama a kan layi na uku, ya danne shi.

"Mama, na ukun fa? Wane ne?"

"Wata sabuwar likita ce, wata biyu da fara aiki. Ta tashi da zazzaɓi, ta ji kunyar neman hutu kada a ce raguwa ce. Ta haɗiyi magani ta shiga zagayen marasa lafiya, har gadon mahaifinki."

"Tana da rai?"

Mama ta ɗauke yatsanta daga kan sunan.

"Shekara ashirin ke nan tana neman bakin da za ta roƙe ki gafara, ga shi yau kina zaune a ofishinta."