Mai Ɗinkin Hula da Furen Marga

A wata unguwa an yi wata mata mai ɗinkin hula. Allurarta ba ta fi ta kowa sauri ba, amma wajen haɗa launin zare babu mai kama ƙafarta, kuma da wannan take ci da kanta. Ana nan sai idonta ya fara dushewa. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce da wuya ganinta ya kai kaka.

Lokacin bazara ne, zafi ya hana kowa sakat, mutane sai fifita suke suna tsaki. Ita kuwa ta lura da abin da zafin ya zo da shi. Margar bakin masallaci ta zubo fure rawaya reto-reto, kamar an rataya mata sarƙoƙin zinariya. Ɗorawar bayan gari ta saki furenta, wato tutu, ja wur, ƙudan zuma na ta guɗa a kai. Hatta dalbejiyar ƙofar gida, da ba a kulawa da ita, ta yi farin fure mitsi-mitsi mai ƙamshi. Sai ta riƙa fita da hantsi, ƙullin zare a bakin zani. Ta tsaya gindin bishiya ta ɗaga zare kusa da fure, ta ajiye, ta ɗaga wani, har ta dace da wanda ya yi daidai. A nan ta gane rawayar marga ba ta yin kyau sai da ɗan koren ganye a gefe, jan tutu kuma duhun reshe ne ke fito da shi. Kowane launi ta yi wa zarensa ƙulli don shaida: marga ɗaya, ɗorawa biyu, dalbejiya uku.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, ko zuma kika koma ne? Ki bari rana ta yi sanyi mana, furen ba gudu zai yi ba."

Ta ce, "Ko shi bai gudu ba, ni ce mai tafiya."

Ruwan farko ya zo da iska, aka wayi gari furen duk yana ƙasa, awaki na kiwo a kai. Kafin a yanke gero duhu ya rufe mata ido. Amma ba ta zauna jiran sadaka ba. Matan unguwa masu ɗinki suka riƙa kawo mata hulunansu, ta shafa ƙullin da ke jikin zarenta da yatsa ta ce, "Sa wannan kusa da wannan." Hular da ta bi ta hannunta ba ta kwana a kasuwa, tuwonta kuma bai yanke ba.

Da ta jira sanyin rana, da ta rasa furen ta rasa sana'ar. Shi ya sa Hausawa ke cewa, tun ran gini, tun ran zane.