Agogon Magajiya

Duk ranar da Susanna ma'aikaciyar lafiya za ta zo gidan nan na unguwar Muchia da ke Sabon Gari, Magajiya Oluoma takan ja kujerarta ƙarƙashin mangwaro ta ɗaura agogo. Ba ta iya karatu ba, amma lokaci kam ta iya shi.

Mata tara ne ke zaman kansu a gidanta. Susanna na zuwa musu bayan wata uku-uku da kwalin kwaroron roba da kayan gwajin ƙanjamau. Ta tara su a tsakar gida ta yi musu bayanin ciwon sanyi da tunjere, ta ce ko mai ƙanjamau ce, in tana shan magani kullum za ta tsufa ta ga jikoki. Daga nan su riƙa shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya a huda musu yatsa. Sakamakon kuwa, ko wuƙa aka ɗora wa Susanna a wuya ba ta faɗa.

To amma Oluoma ta gano abin da Susanna ba ta lura da shi ba. Mai lafiya, minti ashirin ta fito tana dariya. Wadda aka samu da cutar kuwa sai an zaunar da ita an lallashe ta. Kun ji, tausayin Susanna ne ke tona asiri. Mata biyu Oluoma ta kora a haka, ta ce ba wadda za ta kashe mata kasuwa.

Ita duniyarta kaf 'yarta ce, Marvellous, ɗalibar jami'a a Samaru. Ko gaisuwa ba ta so ta haɗa ta da matan gidan. Remi kaɗai ta yarda da ita, wata Bayarabiya mai shiru-shiru. Ita take aikawa Samaru duk ƙarshen wata da garin kwaki da miya da man shafawa. Remi ta fita da sassafe, sai la'asar ta dawo, ta ce mota ce ta yi wuya.

Wata Talata, Marvellous na gida hutu tana wanki a bakin rijiya, Remi ta shiga ɗakin gwaji. Minti ashirin ya wuce, arba'in ya wuce. Sai da ta ci awa guda har da ɗoriya.

Oluoma ta bari Susanna ta hau Keke mai ƙafa uku ta tafi, sannan ta zazzage jakar Remi a tsakar gida. Wani gwangwanin man shafawa ya gangaro yana kacau-kacau, irin wanda take saya wa 'yarta. Ta buɗe, ƙwayoyi ne fal.

"Ga cuta ga sata? Man 'yata kika ɗauke, kika mai da gwangwanin ma'ajin mutuwa?"

"Mama, ki yi min duk abin da kike so," in ji Remi, "amma ki bar maganin nan."

Oluoma ta juye shi a kwata, ta bi shi da ruwan wankin Marvellous. Ta sa aka fito da katifar Remi aka cinna mata wuta. Ta fasa kofinta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta shelanta wa unguwa. Sannan ta juyo wajen 'yarta.

"Kin gani ko? Ko 'yar cikina ce, haka zan yi mata."

Remi ta dubi bakin rijiya sau ɗaya. Mai wanki ba ta ɗago kai ba. Remi ta ɗauki takalmanta ta fita, ba a sake jin ɗuriyarta a Sabon Gari ba.

Damina ta zo ta wuce. Marvellous ta fara tari. Oluoma ta ce karatu ne, ta ƙara mata kifi a miya. Yarinya ta zube, baki ya yi fari fat. Aka kai ta addu'a coci uku, asibiti kuwa yarinyar ta ƙi ƙememe, sai da ta kasa tashi aka ɗauke ta ranga-ranga.

A gadon asibiti Oluoma na shafa mata mai a ƙafa, tana tsine wa mayu. Marvellous ta buɗe ido da ƙyar.

"Mama, ki bar mayu. Remi lafiyarta ƙalau. Shekara biyu ita ke bin layi a asibiti tana karɓo min magani don kada a gan ni, ran nan ma a kaina ta daɗe tana tambayar Susanna. Maganina ne kika zubar a kwata."