Kafin Dubagari Ya Iso

Da Auta ya zare ragar farko daga mazuƙar hayaƙin da ke saman murhu, wani abu baƙi mai kauri ya ɗigo masa a wuyan hannu, ya gangara a hankali har gwiwar hannunsa. Ya kawar da kai.

"Yaya, yaushe rabon da a wanke wannan abin?"

Yayarsa na zaune a kan kujerar roba, ta miƙe ƙafarta mai ciwo. "Ana gogewa ta waje," ta ce, ba ta ɗago ba.

Gidan abincin nata ne. Tun rasuwar mijinta, da shi take ciyar da 'ya'ya huɗu da tsohuwarsu. Shekaranjiya aka kawo mata takarda cewa dubagari zai zo yau da ƙarfe goma sha ɗaya. Duk layin an san shi. A watan jiya ya rufe wurare uku, har da na wani da ya yi masa kuka da hawaye. Masu wankin da ta kira su wanke mazuƙar sun leƙa sama, suka ce za su je su dawo. Ba su dawo ba.

Shi ya sa Auta yake kan tsani tun bakwai na safe, daga shi sai singileti da tsohon wandon marigayi.

Maiƙon ya daskare kamar kwalta. Ya sa bayan cokali yana kankarewa, yana sharɓa shi a tsohuwar jarida. A ciki akwai fukafukan ƙuda, da gashi, da wani kyankyaso da ya mutu a tsaye, ƙafafunsa a kafe. Warin tsohon mai ya cika masa hanci har yana jin ɗanɗanonsa a harshe. Daidai ƙarƙashin wurin ake ɗora tukunyar miya kullum, a buɗe. Ya tuna sau nawa ya ci abincin nan yana santi.

Ya jiƙa ragogin a tafasasshen ruwa da sabulu. Ruwan ya koma kamar na kwata, ya zubar, ya sake, har sau huɗu. Soson ƙarfe ya yanke shi a yatsa biyu.

"Ya isa haka, Autan Mama," in ji yayar. "Ai ya yi fes. Wa zai leƙa can ciki?"

"Can zai fara leƙawa. Zai zura yatsa ta bayan fankar da ke ciki, ya shafa a farar takarda."

"To ko a ɗan yi masa magana? Ai shi ma mutum ne."

"Abin da ya gani shi zai rubuta, Yaya. Miƙo min wuƙar nan."

Ta miƙa masa tana ƙunƙuni. Ya kwance fankar, ya bi kowane lungu da tsinin wuƙa, maiƙo na zubo masa a gira. Sau ɗaya ya sauko da sauri, ya tsaya a bakin kwata yana kakarin amai, sannan ya kuskure baki ya koma.

Goma da rabi ya mayar da raga ta ƙarshe. Ya zura yatsa ta bayan fanka, ya duba. Babu komai.

"Duk ƙarshen mako za a riƙa wankewa," ya ce. "In kin bari ya sake komawa haka, ba zan zo da safe ba."

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ya yi wanka a banɗakin baya, ya cuɗa farcensa har suka yi ja, amma warin bai bar shi ba. Ya sa kayansa, ya fita ta ƙofar baya, ya zagaya ta lungu.

A gaban gidan abincin farar motar ofis ta riga ta tsaya. Wata ma'aikaciya ta fito riƙe da fayil, ta dubi agogonta, ta ɗan yatsina hanci.

"Yallaɓai, har mun fara neman ka a waya. Ta ina za mu fara?"

"Ta kicin," in ji Auta, ya karɓi fayil ɗin, ya gyara katin dubagari da ke rataye a wuyansa.