Manhajar Zaurance da Mai Jin Haushinta

Tasi'u, tun da ka shigo bakinka bai huta da tonon aibun aikin abokinka ba. Sha ruwa tukuna, in ba ka wani misali.

Wasu samari biyu 'yan unguwa ɗaya suka shiga koyon rubuta manhaja a wata cibiyar kwamfuta, kujerunsu ma kusa da juna. Malaminsu ya ce kowa ya ƙirƙiro ɗan abinsa, domin wani kamfani zai turo mutum ya gwada, kuma ɗalibi ɗaya tak za a ɗauka aiki. Na farko ya yi manhajar tsara jadawalin darussa, aiki mai kyau, ba laifi. Na biyun, da yake mai son raha ne, ya yi wadda ke juya magana zuwa zaurance, irin wanda muke yi muna yara don kada manya su gane zancenmu: ka buga "ruwa" a kan madannai, ta mayar maka da "ruduwada". Shi ke nan sai aji ya koma bayan kujerarsa, kowa na so a juya masa sunansa, ana ta ƙyalƙyala dariya, har malam sai da ya buga nasa. Mai jadawali na gefe, ko leƙen allonsa babu wanda ya yi. Hassada ta kama shi, kamu ba na wasa ba. Wai shi da ya yi abin kirki an bar shi, an taru a kan wasan yara! Amsa gaisuwar abokin nan ma ta fara yi masa nauyi.

Sai ya ƙudura a ransa sai ya kunyata shi. Duk sa'ad da mutane suka taru, zai matso ya ce a ba shi ya taɓa. Karon farko bai rubuta komai ba, ya danna maɓallin aikawa haka nan. Manhajar tana jiran kalma, ta ji wayam, sai ta watso jan rubutu ta tsaya cak. Ya ɗaga murya ya ce, "To, ga gwanar taku ta sume!" Aka yi dariya. Mai zaurance ya ji kunya ƙwarai, ya zauna yana bin layukan da ya rubuta ɗaya bayan ɗaya, har ya gano bai koya mata abin da za ta yi ba idan ba a ba ta komai ba. Ya gyara. Washegari mutumin naka ya buga mata doguwar jimla, ta juya kalmar farko ta watsar da sauran. Aka gyara. Wata rana lambobi ya zuba mata, wata rana ya kifa tafin hannunsa a kan madannai gaba ɗaya. Har a gida, tuwo na gabansa yana hucewa, shi kuwa tunaninsa ta ina zai ɓullo mata gobe. Tasa manhajar, tun da ta yi aiki sau ɗaya a hannunsa bai ƙara waiwayarta ba, babu kuma wanda ya tsane ta balle ya matsa mata.

Ranar gwaji mutumin kamfani ya zo, kuma ba dariya ta kawo shi ba. Ya zauna gaban ta zaurance ya danna aikawa ba rubutu, ta ce masa ya rubuta wani abu. Ya ba ta doguwar jimla, ta juye ta tsaf. Ya zuba lambobi, ta bar masa su yadda suke. Duk ƙofar da ya bi sai ya tarar an toshe ta. Ya tambaya wa ya gwada ta haka. Mai zaurance, da zuciya ɗaya, ya nuna maƙwabcinsa ya ce, "Ga shi nan, Allah ya saka masa da alheri." Sai mutumin ya matsa gaban ta jadawali, ya danna aikawa ba rubutu. Jan rubutu ya cika allo. Ramin da mai jadawali ya fara nuna wa jama'a a gonar wani, ashe yana nan buɗe a tasa. Aka ɗauki mai zaurance, shi kuwa ya naɗe wayar cajinsa ya kama hanyar gida.

To, Tasi'u, in kana so ka ci gaba da yi wa abokinka noma kyauta, bismillah, shi dai riba zai ci. Amma ka koma ka duba naka aikin tun kafin wani ya duba maka. Ba banza Hausawa suka ce ba: hassada ga mai rabo taki ce.