Robobi Huɗu a Ƙarƙashin Mota

Kai da ba ka da magana sai "gobe ma rana ce", gyara zama ka ji.

An yi wani tela mai tsohuwar mota. Duk ramin da ta faɗa sai a ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa, kamar ana buga tabarya a turmin da babu hatsi. Bakanike ya leƙa ya ce masa akwai wani babban ƙarfe a ƙarƙashi wanda ƙafafun gaba suke riƙe a jikinsa, robobi huɗu ne suka raba shi da gangar motar, bushin ake ce musu, kuma duk sun cinye. Tela ya sayi sababbi, ya jefa su bisa kabad, wata uku suna shan ƙura. Ran nan da sassafe aka bugo waya daga ƙauye, aka ce yayar mahaifiyarsa jiki ya yi tsanani, tana ta kiran sunan ƙanwarta. Tsohuwarsa ta ɗaure ƙunshinta, ta yafa mayafi, ta ce za ta bi motar haya, wadda sau ɗaya take tashi a yini. Ya ce, "Haba Inna, ga mota a ƙofar gida ki hau ta haya, a ce me? Hanyar ce gargada, bari in sa robobin nan, kafin hantsi mun kama hanya." Ya taɓa tsayawa a gareji ya ga an yi wa motar abokinsa, a ganinsa ya iya. Abin da idonsa ya tsallake shi ne, bakanike kan zaga ƙarfen da alli kafin ya taɓa noti, kuma ɗaya-ɗaya yake cire tsofaffin yana gwada sabon a gurbin kowane. Tela ya ɗaga mota, ya tokare ta da bulo, ya kwance notuna duka, ƙarfe ya sauko. Tsofaffin robobi suka ƙi fita, sun manne. Don sauri sai ya tsiyaya musu kalanzir, ya ƙyasta ashana, huɗun gaba ɗaya. Hayaƙi ya turnuƙe gida, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Maigida, ganda ake babbakewa ba a kira mu ba?"

Da wuta ta mutu ya zazzage sababbin a tabarma, sai ya ga ashe ba iri ɗaya ba ne. Biyu sun ɗan fi tsawo. Kowace kuma da 'yar kibiya a gefenta. Dogayen na gaba ne ko na baya? Kibiyar kuma, hancin mota za ta kalla ko taya? Waɗanda za su ba shi amsa sun zama toka. Ya juya wannan, ya juya waccan, ya ɗaga su sama kamar mai duba ƙwai. Ya kira bakanike, aka ce ya tafi ɗaurin aure, wayarsa a kashe. Ya cije leɓe ya buga su da guduma yadda ransa ya ba shi, sai ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Ya ture ƙarfen zuwa hagu, ramin dama ya gudu. Ya ture dama, na hagu ya ɓace. Ya ciro biyu, ya sauya musu wuri, daga baya ya rasa ma waɗanne ya sauya. Mutumin da ke yanka yadi bai taɓa sa almakashi ba sai ya ja alli, yau ga shi kwance a ƙasa yana laluben alamar da bai yi ba. Aka kira azahar. Tsohuwa tana zaure a zaune, ƙunshi a cinya, ba ta cire takalmi ba. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce, "Ɗan nan, motar haya dai ta tashi." Ya ce saura kaɗan. Gab da la'asar ya sauke mota, noti guda ya rage a hannunsa bai san gidansa ba. Ya tayar don gwaji, sitiyari ya karkace yana kallon gabas, motar tana jan yamma, kafin ya kai bakin layi ta kusa kai shi kwata. Yana tsaye yana kallonta, ya rasa ta ina zai soma kwancewa, sai waya ta sake kaɗawa. Daga ƙauye ne, aka ce mai jikin ta cika. Ya shiga zaure ya tsaya a gaban mahaifiyarsa. Tsohuwa ta dubi hannuwansa baƙi ƙirin, ta dubi fuskarsa, ta sunkuya ta zare takalmanta, ta kwance ƙunshin. A ciki akwai zumar da ta ɗebo wa yayarta.

Wata uku Allah ya ba shi, ya zaɓi safiya guda. Shi ya sa magabata suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.