Abin da Ke Ƙarƙashin Kafet

Ranar sha huɗu ga Nuwamba, 2016, birnin Almaty ya wayi gari da dusar ƙanƙara haɗe da yayyafi. Kulyash na durƙushe a falonta da wuƙar kicin, tana kankare soson da ke ƙarƙashin kafet.

Bututun ɗumama gida ne ya fashe, kafet ya sha ruwa har ya fara ɗoyi, maƙwabtan ƙasa suka kawo ƙara. Dole a ɗage shi. Kafet ya tashi ba gardama, amma soson ya kama katakon daɓen ya ƙi saki, baƙi ƙirin kamar ƙanzon tukunya.

Darhan, ma'aikacin da ta ɗauko, ya leƙo daga ɗakin kwana, ya kira ta Apa, wato inna. "Apa, ki bar min mana. Da wannan wuƙar ai sai baɗi war haka."

"Yi naka can, ɗana. Falo nawa ne."

"Wane irin gam kuka zuba haka? Wanda ya yi aikin nan, ko jaki ne ko sauri yake yi."

"Ban sani ba."

"To, bi a hankali. Irin wannan katakon ba ya mantuwa. Abin da ya sha, ko inji ba ya goge shi."

Ta sani. Shi ya sa take yi da hannunta.

A falon nan aka ji muryar mijinta Talgat ta ƙarshe, shekara goma sha tara da suka wuce. Duk benen sun ji ihu da fashewar kwalabe, kamar yadda suka saba. Daga nan aka ga sabon kafet, Talgat kuwa ba a ƙara ganinsa ba. Ta ce wa 'yan sanda ya bi wata mata zuwa Rasha. Haka ta faɗa wa danginsa, idonta cikin nasu. Ta tura ɗansu Sanjar garin Karaganda wurin kawunsa, gida ya zama nata ita kaɗai, ko kujera ba ta bari a matsar.

Ta fara daga bango. Kafin la'asar tafin hannunta ya ɗuri ruwa, saura tsakiyar falo kawai. Ta ji Darhan yana tattara kayansa. Ta juya wa ƙofa baya, ta danna wuƙa.

Soson ya ɓamɓaru. Katako fes, launin zuma. Ta kankare gaba. Fes. Ta bi tsagin katakon ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, ba ta fito da komai ba sai ƙura.

"Kai, Apa!" in ji Darhan a kanta. "Kamar jiya aka shimfiɗa shi. To mene ne na rawar jiki kuma?"

Ta ajiye wuƙar. Ta wanke hannu, ta zauna ta rubuta wa Sanjar wasiƙa, ta ja mayafinta zuwa gidan waya kafin a rufe.

A daren da Talgat ya ɓace tana asibiti bakin aikinta na jinya. Da ta dawo ta tarar da Sanjar, ɗan shekara goma sha bakwai, leɓe a fashe, yana manna kafet. Ya ce baba ya tafi da wata, ya ce yana so ta ga gidan ya zama sabo. Ta maimaita wa duniya maganarsa don ta cece shi, amma ba ta ƙara kallon fuskarsa ba, don a ranta jinin ubansa ya rufe da kafet ɗin.

Ta jefa wasiƙar Karaganda cikin akwati. Ashe duk shekarun nan gaskiya take faɗa wa mutane, ita kaɗai ce ba ta yarda ba.